Yadda Ake Auna Amfanin Abincin Dabbobi a Ɗakin Gwaji, da Abin da Alƙaluman Ba Sa Faɗa

Takardar sakamakon gwajin abincin dabbobi takan zo da layi shida ko bakwai: laima, toka, furotin, mai, faiba, sai ragowa. Wanda bai saba ba sai ya ɗauka an ciro furotin ɗin ne daga cikin abincin an aza shi a sikeli. Ba haka ake yi ba. Kusan kowace lamba a takardar nan amsa ce ga tambaya guda: me ya rage, ko me ya fita, bayan an gasa samfurin, ko an ƙona shi, ko an tafasa shi a wani sinadari na wani ƙayyadadden lokaci? In aka sauya zafin ko lokacin, lambar ma sai ta sauya, alhali abincin yana nan yadda yake. Saboda haka wanda bai san hanyar da aka bi ba, bai gama sanin abin da lambar take nufi ba.

Tsarin da aka fi bi har yau ya fito ne daga tashar binciken noma ta Weende, kusa da Gottingen a Jamus, inda Wilhelm Henneberg da Friedrich Stohmann suka tsara shi a shekarun 1860. Ya tsufa, an san aibinsa sarai, amma da shi aka gina dokokin rubutun jikin buhu a ƙasashe da yawa, shi ya sa ya ƙi mutuwa.

Samfuri: inda aka fi yin ɓarna

Na'urar gwaji gram 1 take gani, wani lokaci rabin gram. Wannan ɗan ƙwaryar shi zai wakilci tan 20 ko 30. Kuskuren da aka yi a wurin ɗiba ya fi na cikin ɗakin gwaji girma nesa ba kusa ba, kuma babu na'urar da za ta gyara shi daga baya.

Abincin da aka haɗa yana rarrabuwa da kansa a hanya. Girgizar mota tana tura gari, gishiri da garin ma'adinai zuwa ƙasa, ɓarzajjen hatsi ya tsaya a sama. Wanda ya zura hannu a bakin buhu ya ɗebo, zai sami sakamako mai ƙarancin kalsiyam da yawan sitaci. Ana amfani da bututun ƙarfe mai ramuka, a soka shi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, a buhu 10 aƙalla. Dammunan busasshiyar ciyawa kuwa ana huda wajen 20 da bututu mai kaifin baki. Fizgo ciyawa da hannu yana zubar da ganye ya bar kara, furotin kuma a ganye yake.

Abin da aka tara sai a cuɗa shi, a baza, a raba gida huɗu, a ɗauki gida biyu masu fuskantar juna, a sake cuɗawa a raba, har ya dawo kamar gram 500. A ɗakin gwaji ana niƙa shi ya wuce rariya mai ramin milimita 1. Abin da ya maƙale a cikin injin niƙa, wanda galibi shi ne mafi tauri da faiba, dole a goge shi a haɗa da sauran. In aka zubar da shi, an riga an rage faibar samfurin tun ba a fara gwaji ba.

Laima da toka

Gwajin laima shi ne mafi sauƙi, kuma duk sauran lambobin a kansa suke tsaye. Ana auna gram 2 zuwa 5 a busasshen kwano, a sa a na'urar busarwa: digiri 103 na awa 4 a wata ƙa'ida, digiri 135 na awa 2 a wata. Sai a huce shi a cikin rufaffiyar tukunyar gilashi mai sinadarin tsotse danshi, a sake aunawa. Nauyin da ya tafi shi ake kira laima. In aka bar shi ya huce a sarari, busasshen gari yana sake shan danshin iska cikin 'yan mintuna. In kuma aka aza shi a sikeli da zafinsa, iskar da ke tashi daga kwanon takan sa ya nuna ƙasa da nauyinsa.

Matsalar ita ce ba ruwa kaɗai zafi yake kora ba. Ciyawar da aka rufe ta tsima, wato sailej, tana ɗauke da asid mai saurin tashi, da amoniya, da barasa, kuma duk suna bin tururi. Sai takarda ta nuna laima fiye da gaskiya. Mai son daidai a irin wannan samfuri yakan koma hanyar Karl Fischer ta 1935, wadda ruwa kawai take ƙirgawa. Ɗanyar ciyawar da za a yi wa gwajin faiba kuma ba a busar da ita sama da digiri 60, domin zafi yana haɗa sukari da furotin su zama wani abu mai launin ƙasa da ba ya narkewa, a ƙirga shi cikin faiba.

Ga dalilin da ya sa lambar laima take da nauyi. Ɗanyar ciyawa mai ruwa kashi 80 cikin 100 ta nuna furotin 3.6. Busasshiya mai ruwa kashi 10 ta nuna 9. A ido, busasshiyar ta ninka ɗanyar fiye da sau biyu. A cire ruwan: 3.6 a raba da 0.20 ya ba da 18, 9 a raba da 0.90 ya ba da 10. Ɗanyar ce a gaba. Ba a kwatanta abinci biyu sai an mayar da su ma'aunin busasshen nauyi, kuma takardar da ba ta faɗi ma'aunin da ta yi amfani da shi ba, a tambaya kafin a yi lissafi da ita.

Toka ba ta da dogon zance. Ana ƙona gram 2 zuwa 5 a tanderu mai digiri 550 ko 600 har baƙi ya gushe. Lambar ba ta faɗin wane ma'adini ne a ciki, amma tana tona asiri. Ciyawa mai toka sama da abin da aka saba gani ga irinta, galibi ƙasa ce ta shiga wajen yanka ko shanya. Don a tabbatar, sai a tafasa tokar a asid ɗin haidirokulorik. Abin da ya ƙi narkewa yawancinsa yashi ne, ko silikar ɓawon shinkafa da aka ƙara don cika buhu.

Furotin: naitirojin ake aunawa

Johan Kjeldahl ya fitar da hanyarsa a 1883 a ɗakin gwajin Carlsberg da ke Kofanhegan, kuma mataki uku ne. Na farko narkarwa. A sa gram 1 na samfuri a bututun gilashi, a zuba mililita 12 zuwa 15 na asid ɗin salfurik mai ƙarfi, da gram 7 na fotasiyam salfet, da gram 0.8 na salfet ɗin tagulla. Gishirin fotasiyam yana ɗaga zafin tafasar asid ɗin, tagulla kuma tana gaggauta aikin. A dafa a digiri 420 na kusan awa 1, har baƙin ruwan ya koma garau mai kore-kore. A nan duk naitirojin ɗin da ke cikin furotin ya koma amoniyam.

Na biyu, bayan ya huce an surka da ruwa, a zuba soda mai ƙuna mai ƙarfin kashi 40 cikin 100, a tura tururi. Amoniya za ta tashi ta sauka a kwalbar da ke ɗauke da asid ɗin borik da sinadarin nuna launi. Na uku, a riƙa ɗiga asid mai sanannen ƙarfi, galibi 0.1, har launin ya koma yadda yake. A ce an ɗiga mililita 14.5, gwajin wofi da aka yi ba samfuri a ciki kuma ya ci 0.2. Saura 14.3. A ninka da 0.1, a ninka da 1.4007, a raba da nauyin samfurin: naitirojin kashi 2.0. A ninka da 6.25, furotin ya zama 12.5.

Wuraren da aikin yake lalacewa sanannu ne. Ruwan ya yi garau ba yana nufin narkarwa ta kammala ba, wasu sinadaran irin su laisin sai an ci gaba da dafawa bayan haka, kuma mai gaggawa zai sami furotin ƙasa da gaskiya. Samfuri mai yawan mai yana cinye asid da yawa kuma yana kumfa, in asid ya ƙare gishiri ya yi yawa, zafi ya wuce ƙima, naitirojin ya gudu. Alamarsa ita ce abin ya daskare ya yi dutse a gindin bututu. In soda ba ta isa ba, amoniya ba za ta fita duka ba. Ana gane hakan idan ruwan bai koma shuɗi mai duhu ko ruwan ƙasa ba bayan an zuba ta. Ƙwararren ɗaki yana gwada kansa da abu biyu: amoniyam salfet, mai naitirojin kashi 21.2, don ya ga ko matakin tururi lafiya yake, da tiriftofan, mai kashi 13.7, don ya ga ko narkarwa tana kaiwa ƙarshe. In na farko ya fito daidai na biyu ya gaza, an san inda za a duba.

Sai batun 6.25 ɗin. Ya samo asali ne daga ɗaukar cewa furotin yana da naitirojin kashi 16 cikin 100. Wannan matsakaici ne kawai: na alkama 5.7 ya fi dacewa da shi, na madara 6.38. Abin da ya fi wannan muni, hanyar ba ta bambance naitirojin ɗin furotin da na wani abu dabam. Yuriya tana da naitirojin kusan kashi 46, wanda a lissafi ya zama furotin 287. Kilo 1 na yuriya a kilo 100 na abinci yana ɗaga lambar da kusan maki 3. Saniya za ta iya amfana da kaɗan daga ciki, domin ƙwayoyin da ke tumbinta suna mayar da shi furotin, amma ga kaza ba abinci ba ne ko kaɗan. Ta wannan ƙofar aka shigar da melamin, mai naitirojin kusan kashi 66, cikin kayan abincin karnuka da kyanwoyi da aka kai Amurka a 2007, da kuma madara a Sin a 2008. Garin kifin da furotinsa ya yi kyau fiye da kima, abin yi shi ne a nemi gwajin yuriya da amoniya a kansa.

Ɗakuna da yawa yanzu sun koma hanyar ƙonawa, wadda tushenta aikin Jean-Baptiste Dumas ne na 1831. Ana ƙona kamar gram 0.2 a iskar oksijin da zafin da ya haura digiri 850, na'ura ta auna iskar naitirojin cikin minti 3 zuwa 5, ba asid ba hayaƙi. Tana kama naitiret, wanda Kjeldahl yake barin yawancinsa, don haka a ɗanyar ciyawar da ta sha taki takan ba da lamba sama kaɗan. Tunda samfurin ƙanƙane ne, niƙa marar laushi ya fi yi mata illa.

Duka biyun ba su faɗin ingancin furotin ɗin. Ga kaji da aladu, daga cikin amino asid, wato tubalan da aka gina furotin da su, laisin da mesayonin ne abin nema. Ana farfasa furotin a asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfin 6, a digiri 110, na awa 22 zuwa 24, sannan na'ura ta rarrabe amino asid ɗaya bayan ɗaya. Wannan dahuwar tana hallaka tiriftofan, sai an yi masa tasa dabam da soda, mesayonin da sistin kuma sai an fara kare su da asid ɗin fafomik. Aiki uku ke nan a kan samfuri ɗaya, shi ya sa yake da tsada. Ga garin waken soya akwai gajeriyar hanya: a jiƙa shi a ruwan fotasiyam haidiroksaid mai kashi 0.2, in furotin ɗin da ya narke ya gaza kashi 70, wuta ta yi masa yawa kuma laisin ya lalace, ko da jimillar furotin ba ta motsa ba.

Mai

Kwalbar da Franz von Soxhlet ya ƙirƙiro a 1879 tana wanke busasshen samfuri da sinadarin narkar da mai, galibi wani sinadari da ake samu daga fetur, mai tafasa tsakanin digiri 40 da 60, na wajen awa 6. A kore sinadarin, a auna abin da ya saura a kwalba. A hatsi da 'ya'yan mai, wannan mai ne na gaske. A ganye, kusan rabinsa kakin bayan ganye ne da launin kore, waɗanda ba su da wani kuzari ga dabba. Abincin da aka dafa aka matso ta inji, da wanda aka haɗa mansa da kalsiyam, suna riƙe mansu, sai an fara tafasa su a asid kafin ya saki. Sinadarin yana kama wuta da ƙyas ɗaya, ba a yin aikin sai a ƙarƙashin mazuƙar iska.

Faiba: lambar da ta fi ruɗi

Hanyar Weende ita ce a cire mai, a tafasa samfurin minti 30 a asid ɗin salfurik mai kashi 1.25, a tace, a sake tafasawa minti 30 a soda mai kashi 1.25, a busar, a auna, a ƙona, a cire nauyin tokar. Manufar ita ce a kwaikwayi cikin dabba a ga abin da ba ya narkewa. Sai dai daga cikin sassan faibar, asid ɗin yana wanke yawancin hemiselulos, soda kuma tana narkar da babban kaso na liginin, wanda shi ne ainihin abin da babu dabbar kiwo da ke narkar da shi. Ina suke zuwa? Cikin layin ƙarshe, ragowa, wanda ba a auna shi, ana samunsa ne da cire sauran biyar daga 100, kuma ana karanta shi a matsayin sitaci da sukari. Ke nan a bambaro da tsohuwar ciyawa, mafi taurin ɓangaren tsiro yana shiga layin da ake zaton shi ne mafi sauƙin narkewa. Duk kuskuren da aka yi a sauran gwaje-gwajen ma nan yake taruwa. A ganinmu wannan layin bai cancanci a gina lissafin abincin shanu a kansa ba.

Peter Van Soest, yana aiki da ma'aikatar noma ta Amurka a Beltsville, ya kawo mafita a shekarun 1960 da ruwan sabulu iri biyu. Na farko ba asid ba soda, ma'aunin tsaminsa tsakanin 6.9 da 7.1. Ana tafasa rabin gram zuwa gram 1 a cikinsa awa 1, ya wanke sukari, furotin, mai da fektin, ya bar bangon ƙwayar tsiro: selulos, hemiselulos da liginin. Wannan shi ne NDF, kuma shi ke nuna yadda abinci zai cika tumbi ya taƙaita ci. Na biyu sabulu ne a cikin asid, yana barin selulos da liginin, shi ne ADF, wanda ya fi alaƙa da narkewa. In aka jiƙa ragowar ADF a asid ɗin salfurik mai kashi 72 na awa 3, selulos ya narke, liginin ya rage.

NDF yana da nasa tarkon. Sitaci ba ya narkewa sosai a sabulun, yana zama kunu ya toshe matata, a ƙirga shi faiba. Dole a sa amilas mai jure zafi, wato sinadarin da ke narkar da sitaci, ga duk samfurin da ke da hatsi. Sodiyam salfait yana cire furotin ɗin da ya maƙale, wani ɗakin yana sawa wani ba ya sawa, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba sakamakonsu. Mai sama da kashi 5 yana hana sabulun aiki, sai an fara wanke shi da asiton. Yashi kuma yana zama a ragowar kamar faiba, don haka ake ƙona ta a cire toka. Ƙananan haruffan da ake gani a aNDFom abin da suke faɗa ke nan: an sa amilas, an cire toka. Lambar da ke da su da wadda babu, ba abu ɗaya ba ne.

Kuzari da ma'adinai

Ana auna jimillar kuzari da ƙona gram 1 a rufaffen tulun ƙarfe mai oksijin, a ga yadda ruwan da ke kewaye ya ɗumama. Lambar ita kaɗai amfaninta kaɗan ne: bambaro da ƙwayar masara duk suna ba da wajen megajul 18 zuwa 19 a kilo na busasshen nauyi. Bambancinsu a narkewa yake. Hanyar Tilley da Terry ta 1963 tana jiƙa samfuri awa 48 a ruwan tumbi a digiri 39 ba tare da iska ba, sannan awa 48 a fefsin da asid. Ta jami'ar Hohenheim ta Jamus kuma tana sa miligram 200 a sirinji da mililita 30 na ruwan tumbi da aka surka, a karanta iskar da ta taru cikin awa 24. Ruwan tumbin da ya huce ko ya sha iska ƙwayoyinsa sun mutu. Galibin kuzarin da ake gani a takardun kasuwa ma ba a auna shi ba, da lissafi aka fitar da shi daga sauran lambobin, kuma lissafin kaza dabam da na saniya.

Ma'adinai ana narkar da toka a asid, ko a narkar da samfurin kai tsaye a asid ɗin naitirik, na'ura ta karanta. Seleniyam da aidin suna tashi a tanderu, ba a bi da su ta toka. Fosfet yana danne karatun kalsiyam a na'urar harshen wuta sai an ƙara lantanam. Jimillar fosfaras ɗin hatsi kuwa, wajen kashi biyu cikin uku a ɗaure yake cikin faitet, kaza ba ta samunsa sai da enzayim ɗin faitas.

Na'urar haske

NIRS, wadda aikin Karl Norris ya share wa hanya, tana haska samfuri da hasken da ido ba ya gani, ta ba da laima, furotin, mai da faiba cikin minti 1 ba tare da an taɓa sinadari ba. Ba ta auna komai da kanta. Tana kwatanta hasken da ya dawo da na ɗaruruwan samfuran da aka riga aka yi wa gwaje-gwajen da aka bayyana a sama, ta yi hasashe. Kamar ɗalibi ne da ya haddace amsoshin malaminsa: in malamin ya yi kuskure shi ma zai yi, in aka kawo tambayar da ba a koya masa ba zai amsa duk da haka, ba da wata shakka ba. Lissafin da aka gina da sailej ɗin masara ba ya aiki a kan dusar alkama. Ma'adinai ba su shan wannan hasken, lambar kalsiyam ko fosfaras daga NIRS hasashe ne a kan hasashe. Na'urar tana fitar da alamar nisa da ke nuna samfurin bai yi kama da waɗanda ta sani ba, kuma duk wanda alamarsa ta haura iyaka, ana mayar da shi gwajin sinadari. Ko ba haka, ɗakin da ke aiki da ita yana ware wasu samfura a kai a kai ya yi musu Kjeldahl da NDF, ya kwatanta, domin fitilar tana tsufa, sabuwar kaka kuma tana zuwa da amfanin gona da ya ɗan bambanta da na bara.